Yadda Ake Haɗa Ƙahonnin Kiran Barewa da Yadda Ake Adana Su

A kudancin jihar Teksas ta Amurka, inda daji yake cunkushe da ƙaya da sarƙaƙiya har mutum ba ya hango abin da ke gabansa, maharba sun daɗe da gano cewa bin sawun barewa wahalar banza ce, gara a sa ta ta kawo kanta. Dabarar ita ce a sami ƙahonni biyu na namijin barewa, a laɓe, a riƙa gwara su ana murza su da juna har ƙarar ta zama irin ta maza biyu da ke faɗa a kan mace. Duk namijin da ke kusa, in dai jininsa na tafasa, sai ya taho. Wani ya zo shiga faɗan, wani ya zo sace macen tun da masu faɗa sun shagala, ƙanana kuwa kallo ne kawai ke kawo su. Wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasar Hausa ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa ba zai yi mamaki ba. Shi idon dabba yake ruɗa, mu a nan kunnenta muke ruɗa.

Barewar da nake nufi ita ce mai farar wutsiya, wadda ta cika gabashi da tsakiyar Amurka, a Teksas kaɗai ma akwai miliyoyinta. Ƙahonta dabam yake da na rago ko saniya. Na rago kube ne da ya rufe ƙashi, kuma yana kansa har ya mutu. Na wannan barewa ƙashi ne zalla mai rassa, namiji ke da shi, kuma kowace shekara yakan faɗi tsakanin Janairu da Maris, sabo ya tsiro. Yana girma ne lulluɓe da wata fata mai laushin gashi cike da jijiyoyin jini. Wajen Satumba sai jinin ya tsaya, fatar ta bushe, namijin ya goge ta a jikin itatuwa, daga nan ne ƙahon ke samun launin ƙasa-ƙasan nan nasa. Ka riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya: ƙashi ne, bayansa da tauri, cikinsa da ƙananan kofofi, yana da danshi da maiƙo lokacin da yake sabo, kuma ranar da waɗannan suka ƙare muryarsa ta tafi.

A kantunan kayan farauta akwai na roba, akwai kuma wata 'yar jaka mai sanduna a ciki da ake murzawa tsakanin tafin hannu. Suna aiki, ba na musu, kuma sun fi sauƙin ɗauka. Amma ni kunnena bai taɓa yarda da su ba, musamman da safiya mai sanyi da iska ta kwanta, lokacin da ƙarar ƙahon gaske ke ratsa daji da wani nauyi da roba ba ta da shi.

Zaɓen ƙaho

Rabin aikin a nan yake, ko ma fiye.

Mafi kyau shi ne ƙahon namijin da aka harba a kakar farautar bana ko ta bara. In ba ka harba da kanka ba, tambayi abokan farauta ko masu shagon gyaran naman daji, sukan sami waɗanda masu su ba su damu da ajiyewa ba. Na biyu shi ne wanda barewa ta zubar da kanta, aka tsinta da wuri, a Fabrairu ko Maris, kafin rana da ruwan sama su yi masa illa. Wanda ya shekara a daji kuwa za ka gan shi fari fat, da siraran tsage a jikinsa, wani lokaci da sawun haƙoran kurege. Kyale shi inda ka gan shi, ko ka kai gida ka yi ado da shi, amma ba ya kira.

Gwaji uku nake yi. Na farko in ɗaga shi, mai kyau yakan fi yadda ido ya zata nauyi. Na biyu in kankare gindinsa da farce, in ya bar farin gari a farcena to ya mutu. Na uku in riƙe kowanne sako-sako da yatsu biyu in buga su sau ɗaya. Sabo yakan ce ƙwas, da kaifi, har ka ji shi a cikin wuyan hannu. Busasshe sai ya ce bus, ƙarar ta faɗi a gabanka.

Batun girma kuwa, matsakaici nake so: reshe huɗu a kowane ɓangare, wato namijin da maharban nan ke kira mai tsini takwas, gindin ya cika tafin hannu ba tare da ya gagari yatsu ba, dogayen rassan su kai inci shida zuwa takwas. Ƙananan ƙahonni muryarsu siririya ce, ba ta nisa in akwai iska. Manya ƙwarai kuma kafin ka yi minti biyu kafaɗunka sun gaji, ga wuyar cusa su a jaka. Wasu na cewa ƙarar manyan ƙahonni tana tsorata matsakaitan maza. Ni dai gajiyar hannu ce ta raba ni da su.

Galibi ana amfani da dama da hagu na dabba ɗaya, don nauyinsu ɗaya ne kuma rassansu na shiga juna da kyau. Akwai maharban da suka fi son dama biyu ko hagu biyu daga dabbobi dabam-dabam, suna cewa lanƙwasar ta fi nisanta tsinin daga hannu. Kafin ka yanke komai, riƙe su ka gwada yadda suke haɗuwa a hannunka, domin hannu ma kowa da irin nasa.

Doka ma tana da ta cewa. A gandayen daji na tarayya da ake kira nashonal fak haramun ne ɗaukar ƙaho ko da a ƙasa ka tsince shi. Wasu jihohin yamma, irin su Kolorado, suna hana tsintar ƙaho a wasu filayen gwamnati daga Janairu har ƙarshen Afrilu, don kada a riƙa firgita dabbobin da sanyi ya riga ya ramar. A Teksas kuma kusan duk ƙasar tana da mai ita, saboda haka sai da izininsa. Sannan akwai cutar CWD, wadda aka fara lura da ita a Kolorado a 1967, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa. Abin da ke haddasa ta ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa da laka, shi ya sa jihohi da yawa ba sa barin a shigo da kan barewa daga wata jiha sai an tsabtace ƙoƙon kan tas. In aboki zai kawo maka daga nesa, ce masa ya yanko ƙahonnin kawai, ya bar kan a can.

Yanka da gyara

Kayan aikin ba su da yawa: zarton ƙarfe, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, injin huda da baki mai kaurin rubu'in inci, igiya, takunkumi, da abin matse ƙarfe na kan teburin aiki. Naɗe ƙahon da tsohon tawul kafin ka matse shi, in ba haka ba haƙoran ƙarfen za su bar masa tabo.

Yi aikin a waje. Ƙashi in zarto ya ɗumama shi warin ƙonannen gashi yake yi, kuma warin nan yakan kwana a gareji har uwargida ta tambayi abin da ya mutu. Ƙurar ma ba ta shaƙa ba ce, sa takunkuminka.

A gindin kowane ƙaho akwai wani zobe mai kaushi da ya kewaye shi, daidai inda ya haɗu da kai. Yanke a ƙarƙashin zoben, ka bar shi a jikin ƙahon, domin shi ne zai tokare gefen hannunka ya hana ƙahon suɓucewa lokacin da kake bugu da ƙarfi. In wanda barewa ta zubar ne, wannan yankan an riga an yi maka shi.

Daga nan sai reshen farko, ɗan gajeren nan da ke kusa da gindi, wanda ke saman idon dabbar. Cire shi. Mutane kan ji tausayin yanke shi saboda yana ƙara wa ƙaho kyau, amma daidai wurin da babban yatsanka zai zauna yake, kuma in ƙahon ɗaya hannun ya goce ya sami yatsa a tsakaninsa da wannan reshe, da sanyin asuba, ba sai an yi maka bayani ba. Yanke shi dab da jiki, ka bi da magagari har wurin ya yi sumul, in ka shafa da yatsa ba ka jin gefe.

Sauran rassan ka rage tsininsu da kamar rabin inci, ka zagaye bakin da magagari da samfefa. Kada ka wuce haka. Tsinin rassan ne ke ba da 'yar siririyar ƙarar nan ta ƙyas-ƙyas da ake fara kira da ita, in ka gundule su da yawa ka rasa ta.

Wurin riƙo yana da ƙuraje-ƙurajen ƙashi masu kaifi. Goge kaifin kawai, kada ka mai da wurin santsi, don da safar hannu za ka riƙe, kuma kaushin ne ke kama ta. Wasu na naɗe wurin da fata ko tef. Ni ba na yi, a ganina duk abin da aka naɗa wa ƙashi yana cin wani abu daga muryarsa, kuma gumi na taruwa a ƙarƙashinsa.

Huda kuma a yi ta kamar inci ɗaya sama da zoben, daga gefe zuwa gefe. Fara da ɗan ƙaramin baki don kada injin ya zame a kan lanƙwasa, sannan ka sa na rubu'in inci. Tafi a hankali. Za ka ji tauri da farko, sai injin ya faɗa cikin laushin tsakiya, sai kuma tauri a ɗaya gefen, a nan ne in ka danna da ƙarfi bakin ramin ke ɓarewa. In ka gama, naɗe samfefa a jikin ƙusa ka goge bakin ramin ta kowane gefe, don kaifinsa kan ci igiya a hankali har wata rana ta tsinke.

Igiyar nailan irin ta laimar sauka daga jirgi ita na fi so. Ta fata ta fi kyan gani, amma tana shan gumi da ruwa, tana riƙe wari, kuma takan ruɓe. Tsawon kamar ƙafa uku ya isa: ka iya buɗe hannuwanka sosai kafin ka gwara, ba tare da igiyar ta fizge ka ba. Zura, ƙulla kowane ƙarshe, ka ƙona bakin da ashana don kada ya warware. In za ka yi tafiya, shigar da ƙahonnin cikin juna ka naɗe su tam da igiyar, don kada su riƙa ƙara tun kana hanya.

Abu na ƙarshe a gyara, wanda ba na wasa da shi: shafa fenti ruwan lemo mai haske a bayan kowane ƙaho, ko ka liƙa tef mai wannan launi. Ka tuna abin da kake yi, kana ɓoye a cikin daji kana motsa ƙahon barewa kana yin ƙarar barewa, a lokacin da kowa ke riƙe da bindiga yana neman barewa. Idon barewa ba ya rarrabe ruwan lemo sosai, na mutum kuwa daga nesa yake hango shi. A filayen farauta na gwamnatin Teksas doka ta wajabta wa maharbi sa tufafi masu wannan launi da hula. Kuma kada ka taɓa rataya ƙahonni a wuya ko a bayan jaka kana tafiya, cikin jaka ake sa su.

Yadda ake kira da su

Tsawon yini ne ke tsara lokacin barbarar barewa: in rana ta fara gajarta, sai jinin mazan ya motsa, wuyansu ya kumbura, waɗanda suka yi kiwo tare a watan Yuli su zama abokan gaba. A jihohin arewa abin kan kai ƙololuwa a farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa, a kudancin Teksas kuwa sai Disamba. A Oktoba mazan gwada ƙarfi kawai suke yi, tura ni in tura ka, saboda haka kira a lokacin ya zama mai taushi, tsinin rassa kawai. In barbara ta kankama, faɗan na gaske ne.

A shekarun 1990 wani masanin namun daji mai suna Mickey Hellickson ya gwada wannan dabara a gandun Welder da ke kusa da garin Sinton a Teksas. Mutum ɗaya na kira a ƙasa, wani na kan doguwar hasumiya yana ƙirga abin da ya zo. Sun gano cewa kira mai ƙarfi ya fi mai taushi jawo maza nesa ba kusa ba, cewa safiya ta fi rana da yamma, cewa an fi samun amsa a tsakiyar barbara amma kason tsofaffin maza ya fi yawa bayan ta lafa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da yawa daga cikin mazan da na kan hasumiya ya gani, mai kiran bai ko san sun zo ba. Sukan zagaya ne ta inda iska ta nufa, su shinshina, su ji mutum, su sulale.

Saboda haka kafin ka taɓa ƙaho, duba iska. Zauna inda ɓangaren da iska ke kai warinka yake a buɗe, kana hango shi. In ku biyu ne ya fi: kai ka yi kira, abokinka ya zauna yadi hamsin ko fiye ta wancan ɓangaren da makami a hannu.

Ni nakan yi sallar asuba a gefen mota, in shiga daji in zauna shiru har gari ya waye sosai. Sai in gwara ƙahonnin sau ɗaya da iyakar ƙarfina, in bar su a sarƙe, in riƙa murzawa ina turawa ina ja, ba tare da na raba su ba. Maza biyu in sun sarƙe, turereniya suke yi, ba bugu a kai a kai ba, wannan ne kuskuren da ya fi yawa ga sababbi. A tsakani nakan daki ƙasa da gindin ƙaho, in karya busasshen reshe, in kwashi ganye da ƙafa, domin dabbobi biyu masu nauyin babban mutum ba sa faɗa a shiru. Minti ɗaya zuwa uku, sai in fizge su da ƙarfi, in ajiye su a kan jaka, in ɗauki bindiga. Wani namijin a guje yake zuwa tun ƙahon na hannunka, wani sai bayan minti ashirin ya leƙo ta bayan itace. Ka ba wuri rabin awa kafin ka tashi.

Adana su

Maƙiyan ƙaho uku ne: rana, bushewa, da masu haƙori.

In kakar farauta ta ƙare, wanke su da ruwa da buroshi, ba sabulu mai ƙamshi, ka bar su su sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Sannan ka shafa mai. Maharba da yawa man linsid suke amfani da shi, irin wanda kafintoci ke shafa wa katako. Yana shiga ƙashi da kyau, sai dai yana da wari, don haka a shafa shi tun watanni kafin farauta. Kuma tsumman da aka shafa shi da shi kada a dunƙule a jefa a kwandon shara, domin yakan ɗau zafi da kansa har ya kama wuta. Shanya shi a buɗe a waje ko ka nutsa shi a ruwa. Ni na fi son man minaral na kantin magani, marar launi marar ƙamshi. Ɗan kaɗan a tsumma, ka bi ko'ina, ka ƙara a wuraren da ka yanke da cikin ramin igiya tun da ta nan danshi ke fita, bayan awa guda ka goge abin da bai shige ba. Kada ka ce bari in shafa man gyaɗa ko man shanu, za su yi ɗoyi kuma gayyatar ɓeraye ce. Man sheƙi na kafintoci ma a bar shi, yana sa ƙaho walƙiya a rana, kuma a kunnena yana dakushe ƙarar.

Akwai masu jiƙa ƙahonni a bokiti kwana ɗaya ko biyu kafin buɗe kaka. Yana maido da nauyi da ɗan zurfin murya ga wanda ya fara bushewa, amma na ɗan lokaci ne, kuma in ya daɗe a ruwa wari yake yi. In za ka yi, jiƙa tukuna, bari bayansa ya tsane, sannan mai ya biyo baya. In ka fara da mai, ruwan ba zai shiga ba.

Wurin ajiya ya zama cikin gida, mai sanyi, ba hasken rana. Bayan mota da rufin gareji a zafin Teksas na Agusta sukan tsufar da ƙaho a wata ɗaya fiye da yadda farautar shekara za ta yi. Kurege da ɓera da beguwa duk suna gaigayar ƙaho saboda sinadaran ƙashi da ke ciki, kare ma haka, don haka akwatin roba mai murfi ya fi ƙusa a bango. Nakan zuba busassun ganyen dajin da nake farauta a cikin akwatin, don kada ƙahonnin su kwashi ƙamshin girki da turaren gida.

Kowace Satumba fito da su ka duba igiya, musamman inda ta ratsa rami, ka bi rassan da yatsa ko wani ya ɓare ya yi kaifi, ka goge. Ƙaramin tsage a tsini ba komai, rage shi da magagari. Tsagen da ya bi tsawon jiki kuwa gam ba ya gyara shi, ƙahon zai riƙa wata ƙara mai rawa da ba ta cikin faɗan barewa. Hanyar tabbatarwa ita ce ka tura aboki yadi ɗari biyu ko uku cikin daji, ka yi kira da tsofaffin, ka yi da sababbi in kana da su, ya dawo ya gaya maka wanne ya iso masa. Ƙahon da aka kula da shi yakan yi shekaru masu yawa yana aiki. In ya gaza, yanka gindin ka yi ƙotar wuƙa da shi, ka nemi wani a kaka mai zuwa.